MA'AIKATAN JARIDAR GASKIYA TA FI KWABO DA ZAMANSU DA EN'E

Al'ada ce in an zauna tuna ma'aikatan da suka shuɗe a kan fara da Waziri da Alƙali da Ma'aji, sa'an nan a gangaro kan hakimai da dagatai, da malaman haraji, da Wakilin Doka da yaransa. Wannan daidai ne, gama su ne ginshiƙan da mulkin En'e ya tsaya a kansu. Amma akwai waɗansu 'yan mutane da ba a saba lissafa su cikin ma'aikatan Sarki ba, alhali kuwa aikin hannunsu ya shiga kowane ofis na En'e, tun daga Sakkwato har Yola. Su ne ma'aikatan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta Zariya, da ƙannenta, jaridun larduna. Na ga ya kamata a ba su nasu fili a nan, domin wanda bai san labarinsu ba, rabin tarihin En'e ya sani.

KAFIN A HAIFI GASKIYA

A zamanin da, labari da ƙafa ya ke tafiya. Sarki ya aiki jakada wurin hakimi, hakimi ya aika wa dagaci, sankira ya yi shela ran kasuwa. Abin da ya faru nesa kuwa sai fatake da alhazai su kawo, kowa da irin gishirin da zai ƙara. Malamai suna rubuta wasiƙu da Larabci ko da ajami, amma wasiƙa ta mutum ɗaya ce, ba ta jama'a ba.

Rubutun boko ya fara kafuwa sa'ad da Ɗan Hausa, watau Hanns Vischer, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano cikin 1909. A 1922 aka yi bikin buɗe Kwalejin Katsina don koyar da malaman makaranta. Sannu a hankali aka sami samari masu iya karatu, sai dai babu abin karantawa. Don maganin wannan Gwamnati ta kafa Hukumar Fassara wajen 1930, ta zaunar da ita Zariya, daga baya aka sake mata suna ta zama Hukumar Talifi. Shugabanta shi ne Dokta R. M. East, Baturen makaranta, wanda ya san Hausa ƙwarai, ya kuma ƙaunace ta.

Tun 1932 an gwada fitar da wata takarda mai suna Jaridar Nijeriya ta Arewa, cikin harshe uku, Hausa da Larabci da Turanci. Sau kaɗan ta ke fitowa a shekara, galibin abin da ke ciki kuwa labarin Gwamna ne da Razdan-Razdan da sarakuna. Ta yi amfani a ofisoshi, amma ba ta sauko zaure ba.

Cikin 1933 Dokta East ya sa gasar rubuta littattafan hira. Daga gasar nan aka sami Ruwan Bagaja na Malam Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Malam Muhammadu Gwarzo, sa'an nan ga Jiki Magayi na John Tafida da Dokta East. A nan ne idon Dokta East ya faɗa kan Malam Abubakar Imam. An haife shi a Kagara cikin 1911, ya yi Kwalejin Katsina daga 1927 zuwa 1932, ya zauna yana koyarwa a Midil ta Katsina. A 1936 aka kira shi Zariya, ya yi wata shida yana rubuta Magana Jari Ce, ya koma bakin aikinsa.

DALILIN KAFA TA

Ku tuna, Kamaru maƙwabciyarmu a hannun Jamus ta ke har lokacin Yaƙin Duniya na Farko. Da Hitila ya yi ƙarfi sai Jamus ta shiga neman a mayar mata da ƙasashen da aka karɓe mata a Afirka. Cikin 1938, shekarar da manyan Turai suka sakar wa Hitila wani yanki na ƙasar Cekosulobakiya don gudun yaƙi, sai ji-ta-ji-ta ta watsu a Arewa, wai Ingilishi za su ba Jamus Nijeriya. Magana ta shiga kasuwa, ta shiga fada. Hukuma ta duba ta ga ba ta da bakin da za ta yi wa jama'a duka magana da shi gaba ɗaya. Ga kuma jaridun Ikko, musamman West African Pilot ta Dokta Azikiwe wadda ta fara fita 1937, suna hawowa cikin jirgin ƙasa, samarin da suka ji Turanci suna karantawa.

To, cikin watan Janairu na 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito, sau ɗaya a wata. Kuɗinta kwabo ɗaya. A lokacin kwabo 12 ke sule, sule 20 ke fam, saboda haka ko ɗan dako ya iya saye in ya so. Sunan nan kuwa alkawari ne: ka ba da kwabonka, a ba ka abin da ya fi shi daraja. Wanda ya raɗa wa takardarsa wannan suna ya ɗaure kansa da igiya mai ƙarfi, domin ran da aka kama shi da ƙarya ko sau ɗaya, sunan zai koma abin ba'a a bakin 'yan kasuwa.

MUTANEN DA KE CIKIN OFISHIN

Aka ɗauko Malam Abubakar Imam daga Katsina aka ba shi aikin Edita. Shekarunsa ba su kai 30 ba. Tare da shi aka ajiye wani Baturen mulki, Mista L. C. Giles, Dokta East kuwa yana bisa dukansu. Cikin samarin da suka yi aiki a wannan gida akwai Malam Nuhu Bamalli, mutumin Zazzau, wanda ya rubuta Bala da Babiya, daga baya ya riƙe Ministan Harkokin Waje na Nijeriya, ya kuma zama Magajin Garin Zazzau.

Mai karatu ya kan ga takarda ta zo hannunsa sumul, bai san hannu nawa ta ratsa ba. Bari in jera muku su.

Na farko Edita. Shi ke zaɓen abin da zai shiga da abin da za a bari, shi ke rubuta sharhi, shi ke karanta wasiƙun jama'a. In yabo ya zo, na kowa ne. In fushin Razdan ko na fada ya zo, ƙofarsa za a ƙwanƙwasa.

Na biyu masu fassara. Labarin duniya da Turanci ya ke isowa, ta waya ko cikin takardun Gwamnati. Sai malami ya zauna ya yi ta juya magana, yana neman yadda zai faɗa wa manomi abin da bai taɓa gani ba. Yaya za a kira jirgin da ke nutsewa ƙarƙashin teku ya yi tafiya? Yaya za a bayyana majalisar da talakawa ke zaɓen wakilanta? Wata kalma a aro ta daga Larabci, wata a lanƙwasa ta Turanci har ta zauna a bakin Bahaushe, wata a ƙaga ta da kayan gida. Dokar gidan ita ce a rubuta Hausa yadda a ke faɗinta, gajerun jimloli, da karin magana inda ya dace, yadda in an karanta da ƙarfi wanda bai je makaranta ba zai gane. Hausar da mu ke rubuta rahoto da ita a ofis, da yawanta a teburan nan aka sassaƙe ta.

Na uku masu jera baƙaƙe. A zamanin nan kowane harafi ɗan guntun darma ne, a juye ya ke, sai an ɗauko shi an jera kalma kalma, layi layi, sa'an nan a ɗaure shafi a shafa tawada. A ƙarshen shekarun 1930 ne aka tsayar da baƙaƙen nan uku masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, maimakon ɗigon da a ke sa wa a da, Dokta East kuwa yana cikin waɗanda suka tsaya kan wannan gyara. Kada ku raina shi. Lanƙwasar nan ita ta raba baƙi da baki, ta raba ƙafa da kafa, ta raba ɗaki da daki. Duk wanda ya taɓa riƙe littafin shari'a ya san abin da harafi ɗaya ke jawowa.

Na huɗu masu duban kuskure. Su ke bin shafi da alƙalami kafin a buga dubbai. Sunan hakimi, sunan gari, yawan kuɗi, ranar wata, duk sai sun tabbatar. Aikinsu irin na muhuti ne: in ya yi kyau ba mai tunawa da shi, in ya ɓaci kowa ya san sunansa.

Na biyar masu aiko da labari daga larduna. To, a nan ne En'e ta shigo tsundum. Wa ya iya boko a ƙauye a 1939? Malamin hakimi, da malamin elementare, da malamin asibiti, da malamin daji, da malamin gona, da malamin kotu. Su ne masu saye, su ne masu karanta wa jama'a a ƙofar fada ko gindin bishiya bayan la'asar, su ne kuma masu rubuto cewa an naɗa wane, an buɗe rijiya a gari kaza, fara ta sauka, gobara ta ci kasuwa. Takarda ɗaya ta kan ratsa kunnuwa masu yawa kafin ta yage.

Na shida masu rarrabawa. Zaman jaridar a Zariya ya taimaka, gama Zariya mahaɗar hanyoyin jirgi ce. Hanya ta kai Kano tun 1911, ƙaramin jirgi yana zuwa Jos tun 1914, wata hanya ta bi ta Funtuwa da Gusau ta kai Ƙauran Namoda a 1929. Inda jirgi ya tsaya mota ta ɗauka, inda mota ta tsaya masinja ya ɗauka a keke ko a ka, tare da jakar wasiƙun En'e.

ZAMANIN YAƘI

Jaridar ba ta cika wata tara ba yaƙi ya tashi, cikin Satumba 1939. Nan da nan aikin 'yan mutanen nan ya ninka. Aka ɗebi samarin Arewa soja, suka yi yaƙi a Habasha a 1941, sa'an nan aka haye da su teku zuwa Indiya da Bama. Uwa tana son ta ji inda ɗanta ya ke, sojan kuma yana son ya ji ko damina ta yi kyau a gida. Gaskiya ta zama gada tsakaninsu: ana aika ta wurin soja, su kuma suna rubuto wasiƙu. Aka ƙara fitar da wata 'yar takarda mai suna Suda don labarin yaƙi, aka kuma yi 'Yar Gaskiya da ajami saboda malaman zaure da almajiransu, waɗanda yawansu ya fi na 'yan boko nesa. A lokacin nan ne kuma aka aika Malam Isa Kaita da Malam Bello Dandago Ankara, ta ƙasar Gwalkwas, suna karanta labarin yaƙi da Hausa a rediyo.

Dole a faɗi gaskiya, tun da sunan jaridar ke nan: ta Gwamnati ce, gefen Ingilishi ta tsaya, ta yi kiran a shiga soja, a ba da gudummawa, a noma gyaɗa. Amma mutanen da suka saba sayen ta don jin labarin Hitila, da yaƙi ya ƙare ba su daina ba. Sun riga sun koyi cewa mutum ya iya tambayar abin da ke gudana, a kuma ba shi amsa a rubuce.

TSAKANIN EDITA DA FADA

Ga inda gizo ke saƙa. Shafin wasiƙu ya buɗe wata ƙofa da ba a saba da ita ba. A da, mai kuka sai ya bi ta dagaci zuwa hakimi, zuwa fada, in ya yi sa'a Di'o ya ji. Yanzu ga malami ƙarami, mai albashin 'yan suloli, ya iya sayen kan sarki ya aika takarda Zariya, lardi goma sha biyu su karanta. Aka shiga rubutu kan cin hanci, da gaisuwar da ta wuce kima, da aikin tilas, da jahilci, da ilmin mata, da danniyar da a ke yi wa talaka wajen haraji da jangali.

Ku duba matsayin Edita. Gwamnati ce ta kafa jaridar, dokar Gwamnati kuwa ita ce a riƙe martabar sarakuna. En'e ce babbar hanyar da jaridar ke bi ta isa hannun jama'a. Masu rubuto kuka kuma yawancinsu yaran En'e ne, waɗanda in an gane su aikinsu na iya tafiya. In ya buga kome, ya ɓata da fada, wataƙila ma ya zalunci wanda aka yi wa ƙazafi. In ya danne kome, samari su ce bakin Turawa ne, su koma jaridun Kudu. Hanyar da Malam Abubakar Imam ya fi bi ita ce ta nasiha: a faɗi cutar a sakaya sunan mai ita, a kawo misali da karin magana, mai kaza a aljihu shi ya san kansa. Waɗansu manya suka ga ya cika tsaurin ido. Waɗansu samari masu zafi suka ga ya cika sanyi. Wanda ya tsaya raba faɗa, duka daga gefe biyu ya kan sha.

Cikin 1943 aka gayyaci editoci 8 na Afirka ta Yamma zuwa Ingila, da shi a ciki. Dokta Azikiwe ya shirya takarda ta neman a ba ƙasashen nan mulkin kansu cikin shekaru ƙididdigaggu. Malam Abubakar Imam bai sa hannu ba, domin a ganinsa Arewa tana baya ƙwarai wajen ilmin zamani, in an yi gaggawa za a bar ta a baya. Amma kada a ɗauka shiru ya yi. A tafiyar nan ya gana da Lugga, wanda ya kafa mulkin En'e da hannunsa, ya kuma rubuta masa abin da ke damun Arewa filla-filla: yadda ba a sauraron samarin da suka yi karatu, da yadda kukan talaka ba ya isa sama. Labarin tafiyar shi ne ya zama littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi.

Maganar da aka fara a shafin wasiƙu ba ta tsaya nan ba. Cikin Agusta 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a Majalisar Wakilai ta Arewa, a Kaduna, ya nemi a binciki tsarin En'e a gyara shi. Aka yi bincike. Zuwa 1952 aka kawar da tsarin da Sarki shi kaɗai ne En'e, aka ce sai Sarki tare da majalisarsa, a 1954 kuma aka yi sabuwar Dokar En'e. Ba jarida kaɗai ta yi wannan ba, amma shekara 11 ta yi tana share gonar kafin a zo shuka.

GIDAN GASKIYA DA JARIDUN LARDUNA

A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya, aka gina masa gida da injunan ɗab'i a Tukur-Tukur, Zariya. A 1948 gidan ya fara fitar da jaridar Turanci, Nigerian Citizen. Ita kuwa Gaskiya ta tashi daga wata-wata, har ta kai ga fita kowane mako. A 1951 Malam Abubakar Imam ya ajiye aikin Edita bayan shekara 12, ya shiga majalisa, daga baya ya riƙe manyan ayyuka na Gwamnatin Arewa. Ya rasu a 1981, Allah ya ji ƙansa. Dokta East ya koma ƙasarsu a farkon shekarun 1950, ya rasu a 1975.

Da aka ɗaura Yaƙi da Jahilci, aka kafa hukumar NORLA a Zariya don ta samar wa sababbin masu karatu abin karantawa. Ita ce ta fitar da jaridun larduna: Sodangi ta Kano, Himma ta Katsina, Zaruma ta Sakkwato, Bazazzaga ta Zariya, Zumunta ta Bauci, Albishir ta Barno, Ardo ta Adamawa, Gamzaki ta Filato, Haske ta Neja. Waɗannan su ne suka fi kusa da ƙasa. A cikinsu dattijon da ya koyi baƙi da wasali a ajin yamma zai ga sunan garinsu da na hakiminsu, ya ga ranar allurar shanu da kuɗin auduga. Ba su yi tsawon rai ba, gama an rufe NORLA a 1959, kuɗin da a ke samu bai ɗauki nauyin aikin ba. Duk da haka sun nuna cewa labarin rijiyar ƙauye ma labari ne.

Ran 1 ga Janairu 1966 jaridar New Nigerian ta maye gurbin Citizen, Gaskiya ta koma ƙarƙashin wannan kamfani a Kaduna, ta ci gaba da fita har bayan shekara ta 2000. En'e kuwa daga 1967 aka shiga karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannunta, a 1976 aka yi gyaran da ya kawo ƙananan hukumomi.

ABIN DA ZA MU ƊAUKA

Ya ku ma'aikata, a shari'a ba a yanke hukunci sai an ji ta bakin mai ƙara da wanda a ke ƙara, an kuma kira shaidu. Ɗan jarida na kirki haka ya ke aiki, sai dai shi ba ya ɗaure kowa, ba ya cin tara. Abin da ya ji ya tabbatar, shi zai ajiye gaban jama'a. Ma'aikacin da hannunsa ke da tsabta ba shi da abin tsoro gare shi. Wanda kuwa ya hana shi labari na gaskiya, ya bar fili ga ji-ta-ji-ta, irin wadda ta girgiza Arewa a 1938.

Ku lura kuma da wannan. Littattafan haraji da rasit-rasit na zamanin En'e da yawansu gara ta cinye. Mai neman sanin yadda kakanninmu ma'aikata suka yi zamansu, abin da suka gina da abin da aka yi kuka da su a kai, tsofaffin shafukan Gaskiya ya kan nufa. Watau 'yan malaman nan na Zariya, waɗanda wani lokaci a kan ɗauke su 'yan tsugudidi, su ne suka zama shaidunmu a gaban na baya. Saboda haka in mun yi addu'a ga Waziri da Alƙali da Ma'aji da suka riga mu, mu haɗa da Edita da mai fassara, da mai jera baƙaƙe, da masinjan da ya ɗauki ƙunshin jarida a ka ya ratsa fadama da damina.

Allah ya ji ƙan magabata, ya ba mu ikon riƙe amanar da ke hannunmu. Haza wasalam.